Tafiyar minti 11 ba ta mai da mutum ɗan sama jannati

Tun a watan Yunin 2024 da hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, ta sanar da yarjejeniyarta da kamfanin SERA na Amurka don tura ɗan Najeriya sararin samaniya, matasa ke ta musu a Facebook. Wasu sun dage sai matuƙin jirgin yaƙi ne zai iya, wasu kuma sun ce kowa ma zai iya tunda ba a nemi digiri ba. Dukansu sun cakuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba.

Kujerar da aka yi alkawari tana cikin kumbon New Shepard na kamfanin Blue Origin. Yakan haura kilomita 100, mutanen ciki su yi 'yan mintuna suna shawagi babu nauyi, sannan ya sauko da lema, duka cikin kusan minti 11. Kwamfuta ce ke sarrafa shi, horon kuma na 'yan kwanaki ne. Wanda ya shiga fasinja ne, kuma zama a gidan gaban mota daga Kano har Legas bai taɓa mai da kowa direba ba, balle bakaniken da zai kwanta ƙarƙashin mota in ta mutu a daji.

Masu cewa sai soja kuwa, labarinsu ya tsufa. A 1959 ne hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗauki 'yan sama jannati bakwai na farko, dukansu sojoji masu gwajin jirage. Amma tun 1972 Harrison Schmitt, masanin duwatsu, ya taka wata. Yau abin da NASA ke nema shi ne digiri na biyu a kimiyya, lissafi, injiniyanci ko kwamfuta, ko digirin likita, tare da shekarun aiki a fannin. Matuƙa kuma su kawo awa 1,000 suna jagorantar jirgi. Ga gwajin lafiya mai tsauri, ga sharaɗin zama ɗan Amurka. A neman 2020 mutum sama da 12,000 suka nema, aka ɗauki 10.

Waɗanda aka ɗauka ɗin ma ɗalibai ne tukuna. Sai sun yi kusan shekara biyu a cibiyar Johnson da ke Houston suna koyon na'urorin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, da sarrafa hannun ƙarfen da ke cafko kaya, da tashi a jirgin T-38, da harshen Rashanci, domin da Rashawa ake tafiyar da tashar. Mafi wuya shi ne ruwa. Akwai wani tafki mai zurfin mita 12 da aka nutsar da kwatankwacin tashar a ciki. Mutum zai sa rigar 'yan sama jannati mai kumburi ya shiga ya yi awa shida yana kwance ƙusa yana ɗaurawa, safar hannu na yi masa gardama a kowane motsi. Wanda bai iya iyo ba, sai ya fara daga nan. Bayan kammalawa ma, wani kan jira shekaru kafin a ba shi tafiya, kuma a can sama shi ne mai gyaran banɗaki, shi ne mai ɗinke rauni.

Ƙasar da ba ta da kumbo ma tana da hanya. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta zaɓi mutum biyu a 2018, ta tura su horo Rasha, daga baya Houston. Ɗayansu, Sultan Al Neyadi, mai digiri na uku a fannin fasahar sadarwa, ya yi wata shida a tashar a 2023, har ya fita waje ya yi aiki.

A nan gida, tun 2016 ministan kimiyya na lokacin, Ogbonnaya Onu, ya ce Najeriya za ta tura ɗan sama jannati kafin 2030. Irin wannan alkawari ba a cika shi da kujerar fasinja. Sai da zaɓe, da kuɗi, da shekarun horo. Iyaye da malamai kuwa, in yaro ya ce wannan aiki yake so, kada a yi masa dariya, a duba makinsa na lissafi.