Kotun Duniya da sauyin yanayi: abin da ta faɗa da abin da aka ƙara mata

Tun ranar 23 ga Yulin 2025, da Kotun Duniya da ke birnin Hague ta bayyana matsayinta kan sauyin yanayi, ake ta yayata cewa ta ci manyan ƙasashe tara, har wasu sun zuba ido sai an fara rabon diyya. Zancen da ƙamshin gaskiya, sai dai gishirin ya yi yawa.

Kotun ba ta kama wata ƙasa da laifi ba, domin ba ƙara aka kai gabanta ba. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya yi mata tambaya a Maris na 2023, bayan faɗi-tashin da ƙasar Vanuatu ta yi, wadda ita ma ɗaliban shari'a na tsibiran Pasifik suka zaburar. Amsar da ta bayar ta fi kama da fatawa. Ba irin hukuncin Bakasi na 2002 ba ne, wanda ya wajaba a kan Najeriya da Kamaru.

Su kuma masu cewa ai tunda shawara ce, ta zama shifcin gizo, sun yi kuskure. Alƙalan, baki ɗaya, sun fayyace dokokin da tuntuni suka hau kan ƙasashe. Sun ce riƙe ƙarin ɗumamar duniya a digiri 1.5 shi ne mizanin yarjejeniyar Paris ta sauyin yanayi, kuma ƙasa ba ta da damar rubuta duk alƙawarin rage hayaƙin da ta ga dama ta ce ta sauke nauyi. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne cewa hana mummunar illa ga muhalli wajibi ne a kan kowace ƙasa, ko tana cikin yarjejeniyar ko ta fice, kamar yadda Amurka ta zaɓa. Lauyoyi za su riƙa ɗaukar waɗannan kalmomi zuwa kotunan cikin gida.

To, diyya fa? Kotun ta ce tana iya wajaba, amma sai ƙasar da aka cutar ta nuna alaƙa tabbatacciya tsakanin saɓa dokar da ɓarnar da ta same ta. Nan gizo ke saƙa. Manomin da ambaliya ta cinye wa gona ba zai iya shigar da ƙara can ba, ƙasa ce kawai ke ƙarar ƙasa, kuma sai wadda ake ƙara ta yarda da hurumin kotun. Asusun asara da ɓarna da aka amince da shi a Masar a 2022 kuwa harka ce daban.

Akwai kuma masu ganin Turawa kaɗai aka nufa. Gaskiya ne kotun ta ce ƙasashe masu arziki su ke da nauyin jagoranci da tallafa wa masu tasowa. Amma ta ambaci haƙo mai da gas da kwal, da ba da lasisin nemansu, da tallafin da ake zuba musu, cikin abubuwan da ka iya zama saɓa doka, kuma ba ta cire masu haƙo mai irin su Najeriya da Nijar da Chadi ba.