Buhunka Yana Sito, Amma Ina Lambarsa?

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi da kaka don ya ajiye zuwa bazara ya san yadda ake yi a kasuwa irin ta Dawanau, can bakin Kano a kan hanyar Katsina. Ka sayi buhu goma na gero ko na wake, gida ba wuri, sai ka kai wa mai sito. Kafin 'yan dako su jera su, a kawo fenti a yi wa kowane buhu lamba, ko haruffan sunanka ko wani zane da kai da mai sito kuka sani. Shi kuma ya buɗe littafinsa ya rubuta suna da rana da yawan buhu. Idan ka dawo bayan wata shida, ba wanda zai tambaye ka wahalar da ka sha kafin ka tara kuɗin hatsin. Abin da za a tambaye ka shi ne siton wa ka kai, yaushe ka kai, kuma wace lamba ce a jikin buhun. In ka amsa, kafin ka gama gaisawa an fito maka da kayanka. In ka ce ka manta, to buhu dubu ne a ciki, kuma duk kamarsu ɗaya.

Ɗakin ajiyar takardu na kotu haka yake. Hukuncin da alƙali ya yanke a kan aurenka, ko gadon mahaifinka, ko riƙon 'ya'yanki, ajiya ce. Naka ne, amma ba a hannunka yake ba, kuma ba da labari ake nemo shi ba.

Masu zuwa neman ajiyar nan galibi ba cikin kwanciyar hankali suke zuwa ba. Bazawara ce ta yi hul'i a gaban alƙali shekaru biyar da suka wuce, ta mayar da sadaki, ta gama idda, yanzu ta sami miji, sai tsohon mijin ya ce shi bai san an raba auren ba. Ko magada ne aka raba musu gida tun zamanin kakansu, yau wani ɗan baffa ya ja katanga ya shiga rabon marayu. Ko uwa ce kotu ta ba riƙon yara, ta yanke wa uban abin da zai riƙa bayarwa duk wata, ya biya sau biyu ya daina. Dukansu suna da gaskiya a baki, amma shaidun da suka tsaya a ranar wasu sun rasu, wasu sun yi ƙaura, mai unguwar ma an naɗa wani. Takarda ce kaɗai ta rage.

Wane sito? Nan ne mutane da yawa suke fara ɓata. A jihohin da ke da kotunan shari'ar Musulunci, maganar aure da saki da gado da wasiyya da riƙon yara tsakanin Musulmi a can ake yi, ko a ƙaramar kotu ko a babba. A wurare kamar Abuja da Adamawa, kotunan yanki ne ke wannan aiki, waɗanda jama'a ke ce wa eriya kot. Auren da aka ɗaura a rijista kuwa, babbar kotun jiha kaɗai ke iya raba shi, bisa dokar rabuwar aure ta 1970, kuma a can takarda biyu ce: hukuncin farko, sannan na tabbatarwa da ke biyo baya bayan wata uku. Wanda ya riƙe na farko kaɗai bai gama ba. Akwai kuma wanda zai rantse maka cewa kotu ce ta raba su, amma in ka bi diddigi sai ka tarar a ofishin Hisba aka zauna, ko a zauren dagaci. Sulhun da aka yi a can yana da daraja, wani lokaci ma akwai takardarsa, amma ba hukuncin kotu ba ne, kuma ba a ɗakin ajiyar kotu za a same shi ba. Mutum zai iya shafe mako yana kai da komo a kotun da ba ta taɓa jin ƙararsa ba.

Ko an gane siton, sau da yawa ya sauya suna da mai shi. Har zuwa shekarun farko na samun 'yancin kai, kotunan alƙalai a ƙarƙashin En'e suke, kuma sarki da kansa yana da kotunsa. Dokar soja ta 1967, wadda ta fara aiki a 1968, ita ta cire su daga hannun En'e ta mayar da su kotunan yanki, ta kuma rufe kotunan sarakuna. Bayan da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a watan Oktoba na 1999, wasu jihohi sha ɗaya suka bi wannan hanya, aka mayar da kotunan yanki da yawa kotunan shari'ar Musulunci. Ga kuma rabon jihohi. Katsina ta fita daga Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano, Kebbi daga Sakkwato, Yobe daga Barno duk a 1991, sannan Zamfara da Gombe a 1996. Saboda haka shari'ar gadon da aka yi a Haɗeja a 1985, in an ɗaukaka ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta Kano ce ta saurare ta, domin a lokacin babu ta Dutse. Ta Gusau a 1990 kuma ta Sakkwato ce. Kamar dai ka dawo kasuwa ka tarar an tsaga layi biyu, mai siton ya rasu, ɗansa ya kwashe rabin kayan zuwa wani shago. Buhun bai ɓace ba, sai dai a tambayi tsofaffin layin ina aka kai shi. A kotu tsofaffin layin su ne daɗaɗɗen magatakarda da masinjan da ya shekara talatin yana kai sammaci. Abin da ke kansu ya fi abin da ke rubuce a allon ƙofa, kuma wanda ya gaishe su da ladabi ya rage wa kansa rabin tafiya.

Sai lamba. Kowace ƙara, ranar da aka shigar da ita, ana ba ta lamba da shekara, kuma da wannan ake jera ta. Lambar tana jikin sammaci, tana jikin rasit ɗin kuɗin shigar da ƙara, tana saman kowace takarda da kotu ta bayar. Wannan 'yar takardar da ake ninkewa a jefa a ƙasan akwati, ko a bar yara su yi wasa da ita, ita ce fentin jikin buhu.

In ta ɓace, sai a koma ga rijistar ƙararraki, babban littafin da ake rubuta kowace ƙara bi da bi. Amma littafin shekara-shekara ne, don haka dole a kusanci shekarar. Ga irin hirar da akan yi a tagar magatakarda:

"Baba, don Allah takardar sakina nake nema."

"To Hajiya, wace shekara aka yi shari'ar?"

"Wallahi na manta, amma goyon autana nake yi a lokacin."

Wannan amsa ba abin rainawa ba ce. Magatakarda mai haƙuri zai tambayi shekarun autan, ya tambayi da azumi ne ko bayan babbar salla, ya tambayi wane alƙali ne a kan kujera. Da haka littafi ashirin sai ya koma biyu.

Wata matsalar kuma ta suna ce, kuma ita ta fi cin mutane. Matar da duk unguwa ta sani da Ladi ko Uwani, a littafin kotu da sunan yanka aka rubuta ta, haɗe da sunan mahaifi ko na mijin da ta rabu da shi. A shari'ar gado ma ya fi haka rikitarwa, domin sau da yawa babban wa ne ya shigar da ƙara a madadin sauran, sunansa ne a rijista, ba sunan mamacin ba, ba kuma na ƙanwar da yau take nema ba. Hatsin nata ne, amma da sunan wanda ya raka buhun kasuwa aka rubuta. Duk mai zuwa nema ya tafi da sunayen duka: mai ƙara, wanda ake ƙara, mamaci, unguwa, har da laƙabi.

Idan an gano fayil, ba a miƙa wa mutum shi ya tafi. Ana rubuta takardar neman kwafi zuwa ga magatakardan kotu, a faɗi lambar ƙara da sunayen masu shari'a da abin da ake so. A nan ma a san abin da ake so ɗin, domin hukunci daban, cikakken bayanin zaman shari'a daban, takardar shaidar mutuwar aure daban, takardar mallaka da ake ba magaji bayan rabo ita ma daban. Mai son sabon aure shaidar rabuwa ta ishe ta. Mai rikicin iyaka kuwa yana buƙatar bayanin rabon da ya nuna wa ya samu gabas, wa ya samu yamma, da su wa aka yi iyaka. Mai ɗaukaka ƙara dole sai da cikakken bayani, kuma shi yana da gaggawa, domin galibi kwana 30 ne wa'adin. A kotuna da yawa alƙali da hannu yake rubutu a littafin zama, don haka sai an buga, an karanta, an gwada da na asali, wanda ke ɗaukar lokaci.

Abin da ke ba kwafin ƙarfi yana cikin sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011: jami'in da takardar ke hannunsa ya rubuta a ƙasanta cewa kwafin gaskiya ne, ya sa kwanan wata da sunansa da muƙaminsa, ya buga hatimi inda yake da ikon hatimi, bayan an biya kuɗin da doka ta yanka. Hoton takarda da aka ɗauka da waya, ko fotokwafi marar hatimi, ba zai tsaya a gaban babbar kotu ba. Kuɗin kuma a biya a karɓi rasit. Na san akwai mai cewa a ba da na goro aiki ya yi sauri, kuma na san matsin da ke sa mutum ya bayar. Amma kowane goro da aka miƙa a wannan taga yana ƙara tsawon layin matar da ba ta da ko kuɗin motar komawa gida, kuma ita ce ta fi kowa buƙatar takardar.

Ba kowa ake ba ba, kuma daidai ne. Mai sito na gari ba ya sakin buhu don kawai wani ya faɗi lambarsa. Masu shari'ar, da magadansu, da lauyansu ko wakilin da suka ba izini, su ne masu haƙƙi a fili, kuma a tafi da katin shaida. A cikin waɗannan fayiloli akwai abin da mata da miji suka faɗa a gaban alƙali wanda ko iyayensu ba su ji ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ta tanadi kotun iyali, ta hana ma a bayyana sunan yaron da shari'a ta shafa. Maƙwabci mai son jin ƙwaƙwaf ba shi da rabo a nan.

Akwai inda kotu ta fi sito. Buhu in ka ɗauka ya bar wurin ke nan, amma hukunci ko sau goma aka ba da kwafinsa, na asali yana nan. Sai dai wannan alherin ya dogara ga lafiyar ɗakin. Wanda ya leƙa ɗakin ajiya a wasu ƙananan kotunanmu ya ga fayiloli ɗaure da igiya a ƙasa, rufi yana yoyo, gara ta ci gefe, ɓera ya yi sheƙa a tsakiya. Ɗan kasuwa ba zai yarda a ajiye masa wake haka ba ko na dare ɗaya. Zai sa a ɗora katako a ƙasa, a toshe rufi, a sa magani. Amma iyakar gonar marayu da tumunin gwauruwar da mijinta ya rasu suna kwance a kan siminti mai laima.

Kuma ba wai ba mu iya ajiya ba ne. Littattafan majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas, na shekarun 1913 da 1914, da aka rubuta da Larabci, sun rayu har wani masanin tarihi, Allan Christelow, ya fassara wasu daga cikin shari'o'in ya buga a 1994. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana riƙe da ɗimbin takardun zamanin En'e. In rubutun malaman fada na fiye da shekara ɗari ya kai gare mu, babu hujjar da za ta sa fayil ɗin 1995 ya zama abincin gara. Kanta ta ƙarfe, da rufi mai kyau, da na'urar ɗaukar hoton takardu a zuba a kwamfuta, ba su kai kuɗin motar babban jami'i ɗaya ba. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 294, ya wajabta wa manyan kotuna su ba masu shari'a kwafin hukunci cikin kwana bakwai. Da ƙananan kotuna za su ɗauki wannan ɗabi'a, a miƙa wa kowane ɓangare takardarsa mai hatimi tun shari'a tana da ɗumi, da yawancin wannan nema bai taso ba.

Mata ne suka fi shan wahalar rashin hakan. Ranar da aka yanke hukunci, mace tana cikin ɓacin rai ko kunya, burinta ta bar harabar kotu. Sai a ce wa yayanta ko kawunta ya tsaya ya karɓi takarda. Wani ya karɓa ya ajiye a wurinsa, wani ya ce sai gobe, goben ba ta zo ba. Shekara goma ta wuce, shi ya koma Legas ko ya rasu, ita kuma ba ta san ko lambar ƙararta ba. Shi ya sa nake ganin waliyyin da ya raka 'yarsa kotu bai sauke nauyi ba sai ya damƙa mata kwafi mai hatimi a hannunta, ya kuma rubuta lambar ƙarar da sunan kotun da shekarar a wani wuri dabam.

Wanda kuma ya je aka yi ta ce masa fayil bai fito ba, ba a taga ɗaya maganar ta ƙare ba. Akwai sufetocin da ke duba ayyukan ƙananan kotuna, akwai babban magatakardan kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ko na babbar kotun jiha, kuma ana iya rubuta musu koke a haɗa da kwafin takardar nema da rasit. Marar halin ɗaukar lauya yana iya zuwa Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 kuma take da ofisoshi a jihohi, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. In kuma ta tabbata fayil ya lalace, a duba ko an taɓa ɗaukaka ƙarar, domin a lokacin an aika da cikakken bayanin shari'ar zuwa kotun sama, kuma mai yiwuwa wancan kwafin yana nan lafiya.