Marinar baba da batun tufafin da ba su ɓata muhalli

1. Gabatarwa

Tun wajen shekarun 1990 masu sayar da tufafi a Turai da Amurka suka shiga liƙa wa kayansu laƙabin « écologique » ko « durable », wato kayan da ba su ɓata muhalli. Sau da yawa mai saye ya kan ɗauka cewa sunan zaren ya isa shaida: in auduga ce ko gora, lafiya lau, in na roba ne, akwai illa. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa sunan zare shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Abin dubawa shi ne hanyar da aka bi wajen sarrafa tufar da kuma inda shararta ta ƙare. Za mu ɗauki marinar baba ta ƙasar Hausa a matsayin ma'auni, ba don ta fi kome tsabta ba, sai don a cikinta ana iya bin kowane abu da ido, daga gona har juji.

2. Abin da suna ke ɓoyewa

Zaren poliyesta, wanda Whinfield da Dickson suka ƙirƙiro a Ingila a 1941, daga man fetur ake yin sa. A yau ya haura rabin dukan zaren da ake sarrafawa a duniya. Ba ya ruɓewa, kuma kowane wanki yana sakin ƙananan ɓurɓushinsa cikin ruwa. Illarsa ba ta buƙatar dogon bayani.

Ta auduga ce ta fi ɓoyuwa. Daga shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Dariya da Sir Dariya don ban ruwan gonakin auduga, har tafkin Aral, wanda a da shi ne na huɗu wajen girma a duniya, ya ƙafe saura kaɗan. Ke nan audugar da aka noma da ruwan damina a kwarin Majiya da wadda aka shayar da ruwan Aral sunansu ɗaya, amma nauyinsu a kan ƙasa ba ɗaya ba ne. Haka abin da ake kira « yadin gora »: galibinsa biskos ne, wato an narkar da itacen gorar da soda da wani sinadari mai guba da ake kira sulfure de carbone kafin a ja shi zare. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci wasu manyan kantuna tara a 2013 da 2022 a kan wannan laƙabi.

3. Yadda marina ke aiki

Baba (Indigofera) ɗan dangin wake ne. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa taki, kuma ruwan damina ya ishe shi. Abin lura shi ne babu shuɗi a cikin ɗanyen ganyensa. Abin da ke ciki wani sinadari ne marar launi, indikan, wanda sai ya jiƙa ya ruɓa, sannan iska ta taɓa shi, yake komawa shuni. Shunin kuwa ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba zai kama zare ba yadda yake. Wannan ita ce matsalar da marina suka warware tun kafin a san sunan sinadaran.

A karofi ana haƙa rami mai zurfin mita ukku ko fiye, a cika shi da ruwa, a zuba busasshen baba da toka da katsi. Tokar tana sa ruwan ya yi kaifi irin na kanwa. A cikin wannan ruwa ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna cin ganyen, suna shanye iskar da ke ciki, har shunin ya juye ya zama mai narkewa. Marini yana motsa ramin da muciya kwana da kwanaki. Kumfa da wari ke gaya masa ya nuna. In aka tsoma fari aka fitar, da launin kore-kore yake fitowa, sai iska ta mayar da shi shuɗi a gaban idon mai kallo. Yawan tsomawa ke kawo duhun launi.

Inda tsarin ya fi ban sha'awa shi ne bayan ramin ya mutu. Ba a zubar da laka da ta kwanta a gindinsa. Ana kwashe ta, a cura, a shanya, a ƙone: ita ce katsi. Wani kaso yana komawa cikin sabon rini. Wani kuma magina ke haɗa shi da gashin jima da ruwan dafara su yi laso, wanda ake shafe bango da rufin soro da shi don kada ruwa ya ci su, kuma da shi ake dake cikin ramin kansa. Wato sharar marini da ta majemi sun zama kayan aikin magini. Abin da masana tattalin arziki ke kira a yau « économie circulaire » bai wuce wannan ba.

Kada a ɗauka ƙaramar sana'a ce. Da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851 ya bayyana cewa rinannen saƙin birnin yana kai wa har Gat da Murzuk da Tarabulus da Tambutu. Turkuɗin da ake rinawa a Kura, kudu da Kano, a buge shi da garin shuni har ya yi ƙyalli, ta Damagaram da Agadas yake bi ya kai ga Abzinawa, waɗanda har yanzu suke daraja shi wajen rawani.

4. Iyakar wannan misali

A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fito da shunin masana'anta kasuwa, bisa binciken Adolf von Baeyer. Kafin yaƙin 1914 noman baba na Indiya, wanda shi ke ciyar da masaƙun Turai, ya durƙushe. Ta fuskar kimiyya shunin biyu abu ɗaya ne. Bambancin yana ga asali, domin na masana'anta daga anilin ake yin sa, shi kuwa daga man fetur. Dubun-dubatar tan ake yi kowace shekara, mafi yawa don wandon jin. Shunin da ke cikin ganye ɗan kaɗan ne, saboda haka in aka ce a mayar da wannan duka ga baba, gonakin abinci ne za su biya. A ƙasar da hatsi ba ya isa kowace shekara, wannan ba shawara ba ce da za a bayar da gaggawa.

Sannan ita kanta marinar ba ta rasa aibu. Toka daga ƙona itace da kara take fitowa, kuma a Sahel karan da aka ƙone hasara ce ga gona da dabba. Bayan haka, masu rini da yawa a biranenmu sun bar rami sun koma tukunya da garwa, suna aiki da garin rini na kanti da soda da hidrosulfit, domin abin da rami ke yi cikin kwanaki su suna yin sa cikin sa'a guda. Ba mu ga laifinsu ba: suna gasa ne da atamfar Asiya da kayan bosho masu araha. Amma ruwan da ke fita daga irin wannan rini yana ƙona hannu, yana shanye iskar da ke cikin ruwan tafki, kuma a kwata ake zubar da shi. Duk da haka ana sayar wa baƙo shaddar da sunan « rinin gargajiya ». Ruɗin suna da muka gani game da gora ya iso gida ke nan.

Ga ɗaliban da ke neman batun bincike, aikin da za a iya farawa da shi mai sauƙi ne: a zaɓi karofi ɗaya mai aiki da baba da gida ɗaya mai aiki da soda, a auna ruwa da toka da itacen da kowane ke ci a kan turmi guda, a bi ruwan da ya fita har inda ya tsaya, a kuma tambayi masu saye shekara nawa rigar ke yi kafin a yar da ita. A gari irin Damagaram, inda ƙarancin ruwa tsohuwar damuwa ce, da awon ruwan ya kamata a fara.