Ranar da Damisa ya yi fitsarin jini

Idan a gidanku ana ajiye masara, ba sai na tsaya yi maka dogon bayani kan amfanin kyanwa ba. Mu nan Funtuwa, da zarar kaka ta yi, buhuna suka fara hawa kan juna a shago, to ɓeraye ma sun san an yi girbi. Mai gadin namu wani muzuru ne mai ɗige-ɗige, ƙannena suka raɗa masa suna Damisa. Shekararsa huɗu a gidan, kuma tun da ya tasa Inna ba ta ƙara aiken kowa sayen maganin ɓera ba. Ba irin kyanwar Lami ba ne, yana cizo yana yaƙushi, amma dai namu ne.

Bara cikin watan Nuwamba, ina gida hutu, na fito da asuba na gan shi tsugune a gindin gwaba. Ya tashi, ya zagaya, ya sake tsugunawa. Kafin hantsi na ƙirga ya yi haka ya fi sau goma, kowane zuwa da ɗan kuka ƙasa-ƙasa, ya koma gefe yana lasar gabansa. Can sai ga shi a kan tayil ɗin baranda, wurin da bai taɓa ɓatawa ba, ya ɗiga fitsarin da bai cika cokali ba, kalarsa kamar ruwan da aka wanke nama.

"Inna, zo ki ga Damisa, jini yake fitarwa."

Ta leƙo ta duba. "Kai dai ka cika sa ido. Ƙayar kifi ya haɗiye, kashi ne ya ƙi fita. Ka ƙyale shi, kyanwa ai ita ke wa kanta magani."

Ƙanena kuwa cewa ya yi tsargiya ce. Ban ga laifinsa ba, domin a yankinmu in aka ce fitsarin jini abin da ke fara zuwa zuciya kenan. Tun a shekarun 1970 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtuka ta Liverpool a Ingila suka yi dogon aiki kan tsargiya a ƙauyukan Malumfashi. Sai dai tsargiyar mafitsara ciwon mutane ce, yara masu wanka a dam da kududdufi take kamawa. Ba ita ke damun kyanwa ba.

Na wuce wani kemis na yi wa yaron shagon bayani. Ya yi dariya tukuna, sannan ya ce in raba farasitamol biyu in ba shi rabi, in fasa kafso a madara. Na saya har na dawo gida. Abin da ya ceci Damisa shi ne na ce bari in fara kiran wani abokina da ke karatun likitan dabbobi a Samaru. Ban gama faɗa ba ya katse ni: "Kada ka kuskura! Kashe shi za ka yi."

In ma nan za ka daina karantawa, ka tafi da wannan. Farasitamol guba ce ga kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa maganin yadda tamu ke yi, saboda haka ƙwaya ɗaya, kai ko gutsurenta, na iya lalata jininta ya kasa ɗaukar iska. Dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Su ibuprofen da diclofenac da muke haɗiya in baya ya riƙe, su ma ƙodarta suke kashewa. Tausayin da zai sa ka ba ta maganinka shi ne zai aika ta.

To mene ne ciwon? Kumburin mafitsara ne. A cikin mafitsara akwai wani siririn rufi mai santsi da ke hana fitsari cin naman ciki. Idan rufin ya yi rauni, fitsarin yana ƙona bangon, jijiyoyi su riƙa aika saƙon cewa mafitsara ta cika alhali babu komai a ciki. Shi ya sa kyanwar ke ta tsugunne-tsugunne tana ɗigar da abin da bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a yawancin kyanwowin da ba su kai shekara 10 ba, ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba. Fiye da rabin masu irin waɗannan alamu, in an gwada fitsarinsu, ba a samun ƙwayar cuta, ba a samun tsakuwa. Ƙwayar cuta ta fi kama tsofaffi, musamman masu ciwon ƙoda ko siga. Kenan kafson da muke ɗura musu galibi aikin banza yake yi. Kuma ga inda ake yaudarar kai: ciwon kan lafa da kansa cikin kwana 5 zuwa 7. Ka ba da kafso ranar Litinin, zuwa Lahadi kyanwa ta warware, sai ka rantse maganinka ne ya yi aiki. Bayan wata biyu abu ya dawo, ka sake komawa kemis.

Haka ta faru da mu, ban da kafson. Damisa ya warke cikin mako guda. A Janairu ya dawo. Bayan ƙaramar Sallah ya sake dawowa. Abokin nawa ya ce in daina zato, in riƙa rubuta kwanan wata a waya, da duk abin da ya faru a gidan a wannan makon. Ni ɗalibin aikin jarida ne, ajiye bayanai ba baƙon abu ba ne a wurina, sai dai ban taɓa tsammanin rahotona na farko mai dogon zango a kan fitsarin muzuru zai kasance ba.

Da na jera su sai abin ya fito fili. Na Nuwamba ya zo daidai da lokacin da aka kawo injin casar masara ƙofar gida, 'yan aiki na shiga da fita, aka kuma kwashe tsofaffin buhunan da yake kwana a kai. Na Janairu, makon bikin yayata ne, gida cike da baƙi da kiɗa da yara masu bin sa da gudu, ga sanyin hunturu da ya sa ko kallon ruwa ba ya yi. Na uku ya biyo bayan simintin da Baba ya sa aka malala a tsakar gida, aka rufe ɗan yashin da yake tonawa tun yana ƙarami. A daidai lokacin kuma wani baƙin muzuru na maƙwabta ya fara hawa katangarmu da dare.

Ashe damuwa ce. Na san za ka yi dariya, ni ma na yi. Kyanwa da damuwa, ba ta biyan kuɗin makaranta ba ta sayen taki? Amma likitocin dabbobi sun daɗe da gano alaƙar. Wani farfesa da ya yi aiki a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, Tony Buffington, ya shafe shekaru yana nazarin irin waɗannan kyanwowi, ya nuna cewa jikinsu na ɗaukar tashin hankali fiye da kima, mafitsara ce kawai inda abin ke ɓullowa. A 2006 shi da abokan aikinsa suka wallafa bincike da ya nuna gyara muhallin kyanwa na rage dawowar ciwon sosai. Kyanwa dabba ce mai son komai ya zauna yadda ta san shi: wurin kwana, wurin ci, wurin kewayawa, har da lokacin da ake zuba mata abinci. Abin da kai kake kira hidima, ita yaƙi take gani an kawo mata gida.

Sai batun ruwa, wanda a ganina nan muka fi yin sakaci. Kakannin kyanwar gida na daji ne, daga busassun ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya, jikinsu ya saba samun ruwa daga abin da suka kama. Ɓera kusan kashi 70 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. Shi ya sa kyanwa ba ta da saurin jin ƙishirwa, ko da jikinta na buƙata. Mai nauyin kilo 4 tana buƙatar wajen mililita 200 a rana, har da wanda ke cikin abinci, wato bai kai rabin ledar fiya wata ba. Amma in ba ta samu ba fitsarin ya yi kauri, ya ƙara cin bangon mafitsara.

A nan zan ɗan taɓa 'yan uwana matasa masu sayen kyanwar Fasha mai dogon gashi a Kano da Kaduna, a ɗora ta a TikTok da Instagram. Ba laifi, kyakkyawa ce. Amma an kulle ta a ɗaki ɗaya, ba ta gudu ba ta farauta, ta yi ƙiba, abincinta kullum busasshen nan na leda wanda ruwan cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Duk abin da ke jawo ciwon an haɗa mata a wuri guda. Magen ƙauye da ke kwana a bakin rumbu a Ƙafur ko Bakori ta fi ta samun sauƙi ta wannan fuskar, ko da ba wanda ya taɓa ɗaukar ta hoto.

Abin da muka yi wa Damisa bai ci kuɗi ba. Na ajiye ruwa wuri uku, a faffaɗan kasko na ƙasa, nesa da abincinsa, nesa da inda yake kewayawa, ana canzawa kullum. Duk abin da za a ba shi sai an jiƙa. In an dafa kaza ko kifi, Inna kan ɗebar masa romo kafin ta sa gishiri da magi da albasa, domin albasa da tafarnuwa su ma suna lalata jinin kyanwa. Madara ba ta maye gurbin ruwa, da yawansu ma zawo take sa su. Na samo tsofaffin baho biyu na cika da yashi, ɗaya bayan ɗakin girki ɗaya kusa da shago, ina kwashe ƙazantar safe da yamma. Masana cewa suke yawan bahon ya ɗara yawan kyanwowin gidan da ɗaya. Na ɗora masa kwali da tsohon bargo a saman kabad ɗin ɗakina, inda yara ba sa kaiwa. Baƙin muzurun kuwa, ruwa na riƙa watsa masa har ya gane katangarmu ba hanya ba ce.

Yanzu ga wurin da ba a wasa. Duk abin da na faɗa na kyanwar da fitsari ke fita ne, ko da ɗigo-ɗigo. Muzuru hanyar fitsarinsa siririya ce kuma doguwa. Majina da jini da 'yan ƙananan tsakuwoyi na iya dunƙulewa su toshe ta gaba ɗaya. Daga nan mafitsara ta cika ta yi tauri kamar lemo, ƙoda ta tsaya, gubar da ya kamata ta fita ta taru a jini har ta taɓa bugun zuciya. Kwana biyu zuwa uku, wani lokaci ma bai kai ba, sai gawa. Wata 'yar ajinmu daga Malumfashi haka ta rasa nata. Ranar Juma'a ta ga yana nishi a yashi, kowa ya ce taurin ciki ne, aka ɗura masa man ja. Lahadi da safe aka same shi a bayan randa ya sandare. Har yau in ta tuna sai ta ce da ta sani.

Saboda haka in ka ga muzuru yana yunƙuri ba abin da ke fita, ya ƙi abinci, yana amai, ya lafe wuri ɗaya, ko yana ihu in an taɓa cikinsa, kada ka ce bari gari ya waye. Kada kuma ka matsa cikin don ka taimaka masa, mafitsarar na iya fashewa. Likita ne kawai zai sa masa barci ya zura siririn bututu ya buɗe hanyar, ya ƙara masa ruwa. Ka fara da likitan dabbobi mafi kusa da kai. Gaskiya ne a yankinmu aikinsu ya fi karkata ga shanu da tumaki da kaji, amma ko bai iya ba zai gaya maka inda za ka nufa. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, kuma daga Funtuwa zuwa Zariya ba wata doguwar tafiya ba ce. Ka nemi lambar likita tun kyanwarka na lafiya, ba ranar da take shure-shure ba.

Ko ba toshewa, in ciwon ya yi ta dawowa ya kamata a gwada fitsarin sau ɗaya, a kuma duba ko akwai tsakuwa, don kada ka yi ta gyaran kasko alhali matsalar wata ce daban. Likita na da maganin rage zafi da ya dace da kyanwa. Sannan ka gaya masa in an zuba maganin ɓera a gidanku ko a maƙwabta, domin wani nau'insa hana jini daskarewa yake yi, yana iya fitowa a fitsari.

Ranar da na ɗauki Damisa a kwali zan kai shi gwaji, sai da majalisar ƙofar gidanmu ta kwashe da dariya. Wani abokin Baba ya ce, "Ɗan nan, mutane ba su gama samun magani ba, kai mage kake kaiwa asibiti?" Na ce, "Baba, ai ma'aikaci ne, buhu nawa ya tsare mana bara?" Ya yi shiru, can ya ce in na dawo in tambayo masa, tasa ma kwana biyu tana fitsari a kan tabarma.

Gwajin bai nuna ƙwayar cuta ba, bai nuna tsakuwa ba. Likitan ya ce ciwon ba ya rabuwa da wasu kwata-kwata, sai dai ya yi nisa tsakani, kuma yakan ragu in shekaru suka ja. Wata biyar kenan ban rubuta komai a wayar ba. Sai dai masara ta bushe a gona, mai injin casa ya ce sati mai zuwa zai zo, ni kuma ina makaranta muna shirin jarrabawa. Jiya na kira Inna na ce a shigar da Damisa ɗakina tun kafin a tayar da injin, da kaskonsa da bahonsa. Ta ce, "Wai ni za ka koya wa? Tun shekaranjiya na kai masa bargonsa."