Gargaɗin Annabawa da Kwanon Awo

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da kakana ya yi mini a hutun da ya wuce, muna zaune a gindin rumbu a ƙauyenmu da ke ƙasar Bichi. Ya ba ni labarin farin 1973, lokacin da gero ya ƙone a tsaye, shanu suka yi ta mutuwa. Ba a gama farfaɗowa ba, a 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta lalata gyaɗa, wadda a da ake tara buhunanta kamar duwatsu a birnin Kano. Na tambaye shi, "Kaka, wannan hukuncin Allah ne?" Ya ce shi ba zai yi wa Allah shisshigi ba, amma ya san mutanen da suka ɓoye hatsi a shekarar, maƙwabtansu suna kwana da yunwa. Ya ce in je in karanta littafin Amos.

Na karanta, kuma ga abin da na fahimta. Amos makiyayi ne daga Tekowa, yana kuma kula da itatuwan ɓaure. Ya yi annabci wajen shekara 760 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da masu kuɗin Isra'ila ke cikin wadata. A sura ta 8 ya tsawata wa 'yan kasuwa waɗanda suke ƙosawa ranar sujada ta wuce don su koma ciniki, suna rage ma'auni, suna ƙara kuɗi, suna sayar da hatsi haɗe da ƙaiƙayi. Ya faɗa musu ƙasar za ta faɗi in ba su daina ba. Ba su ji ba, kuma a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu sojojin Assuriya suka ci Samariya. Ishaya ma, a sura ta 5, ya yi kashedi ga masu haɗa gona da gona har talaka ya rasa wurin zama.

To, jama'a, wa ya san zafin wannan magana kamar mu? A wajenmu babu daji, babu saura. Daga Dawakin Tofa har Dambatta gona tana jingine da gona, layin gamba kaɗai ya raba su. In uba ya rasu aka raba gado, kowane ɗa ɗan tsiri yake samu. Saboda haka wanda ya ci kunya biyu daga gonar gwauruwa, tuwon marayu ya rage. Haka kuma mai sayen hatsi da kaka da babban kwano, ya ɓoye, ya fito da shi a watan Agusta ya auna da ƙarami. Kowa ya san motoci na ɗaukar hatsi daga kasuwar Dawanau zuwa Nijar da wasu ƙasashe, kuma ciniki ba laifi ba ne. Tauye awo shi ne laifin. Malaman maƙwabtanmu Musulmi ma kullum suna jan kunne a kansa.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, don haka bari in faɗi nawa. Bara na taya wani ɗan'uwanmu sayar da masara ran kasuwa. Ya ba ni kwanon da aka bubbuge gindinsa, ya ce da shi zan auna. Na gani, na yi shiru, don ina son kuɗin takalmi. Wata tsohuwa ta sayi kwano uku, har ta sa mini albarka. Ran Lahadi ina cikin 'yan waƙa a majami'a, bakina yana yabo, zuciyata tana kan tsohuwar nan. Da na karanta Amos sai na ga kamar ya sanni.

Akwai abubuwa uku da ya kamata mu lura da su game da gargaɗin annabawa. Na farko, ana yin gargaɗi ne don a tsira. Uwa in ta daka wa yaro tsawa a bakin murhu, so take kada ya ƙone. Yunusa ya ba mutanen Nineba kwana 40, suka yi azumi daga sarki har talaka, suka bar mugunta, Allah ya janye hukuncin. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Amma jikokinsu sun koma gidan jiya, aka rushe birnin a shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu. Ashe tuban kaka ba ya isar jika.

Na biyu, ba mu da izinin nuna wanda masifa ta faɗa wa mu ce alhaki ne ya kama shi. A Luka sura ta 13, Yesu ya yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta danne. Ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima zunubi ba, ya kuma juya ga masu sauraro ya ce su tuba. Saboda haka in ruwa ya ci gidan maƙwabcinka, ɗauki fartanya ka taya shi gyara, sa'an nan ka binciki kanka.

Na uku, mu yi hankali da masu tsorata mutane. A Amurka wani mai wa'azi a rediyo, Harold Camping, ya ce ranar shari'a za ta zo 21 ga Mayu 2011. Wasu suka kashe dukiyarsu wajen yaɗa maganar, ranar ta zo ta wuce. Yesu da kansa ya ce ba wanda ya san ranar sai Uba. Annabin gaskiya yakan aike ka ka biya wanda ka cuta. Wanda ya ce ka kawo masa kuɗi ya kawar maka da hukunci, cikinsa yake yi wa aiki.

Mene ne tuba ke nan? Zakka mai karɓar haraji ya nuna mana a Luka sura ta 19. Ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Tuba ya ƙunshi amsa laifi, da barinsa, da mayar da abin da aka ci. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa, don haka ba mu da hujjar cewa ba mu sani ba.

Ni dai na nemi tsohuwar nan sati biyu a kasuwa kafin na gan ta. Na kai mata kwano guda na masara, na gaya mata gaskiya. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yafe mana duka." Ɗan'uwan namu kuwa har yanzu bai sake kirana aiki ba, kuma ban san ko ya bar kwanon ba. Ina yi masa addu'a.

'Yan'uwana, mu da ke makaranta muna da namu kwanon: satar amsa a jarrabawa, da cin zalin 'yan aji ɗaya, da ƙara wa iyaye kuɗin littafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyayenmu kuma, ina roƙonku da ladabi, kafin damina ta faɗi ku duba iyakokin gonakinku. Allah ya ba mu kunnen ji, ya ba mu damina mai albarka, amin.