Arzikin Da Ke Cikin Ƙwallon Aduwa Da Kaɗanya



Kwanakin baya na kai wa kakata ziyara ƙauye, sai ta dafa mana shinkafa da wake, ta kawo yaji da wani mai garai-garai mai ruwan ɗorawa. Na ce, "Iya, ina kika samo man gyaɗa mai kyau haka a wannan tsadar?" Ta yi dariya ta ce, "Ke dai 'yar birni! Ai man aduwa ne. Ƙwallayen da kuke tsotsewa ku yar, su na sa yara suka tsinto mini." Wallahi kunya ta kama ni, domin tun ina firamare nake shan aduwa, ban taɓa sanin da abinci a cikin ƙwallonta ba.

To 'yar uwa, kafin mu yi nisa, mene ne ma amfanin mai a jiki? Yau a gidaje da yawa idan cefane ya gaza, mai ake fara tsukewa, a kaɗa miya fara ƙal a miƙa wa yara. Alhali giram 1 na mai yana ba jiki kuzarin kalori 9, shi kuwa tuwo giram 1 na sitacinsa kalori 4 ne kacal. Cikin yaro ƙarami ne, ba zai iya cin tuwon da zai ishe shi ba sai an taimaka masa da ɗan maiƙo. Sannan bitamin A da D da E da K ba sa shiga jiki sosai sai da mai. Ke nan ko kin cika wa yaro kwano da zogale ko karas, in babu maiƙo an yi asarar wani kaso na amfanin. Ƙarancin bitamin A kuwa shi ke kawo dundumi.

Ƙwayar da ke cikin ƙwallon aduwa, wajen kashi 40 cikin 100 nata mai ne. Man ba ya daskarewa, kuma yana da sinadarin linolik mai yawa, wanda jiki ke buƙata amma ba ya iya haɗa shi da kansa, dole sai ta abinci. Mutanen Barno da Nijar da Chadi da Sudan sun daɗe suna girki da shi. Aikinsa dai sai mai haƙuri: a fasa ƙwallon mai taurin tsiya, a ciro ƙwayar, a soya ta sama-sama, a daka, a tafasa da ruwa, man ya taso a kwalfe. Ɗacin nan da kike tsoro yawancinsa a tunkuzar yake zama.

Sai man kaɗe, wanda mu nan muka mayar na shafa wa jarirai da faso kawai. A jihohin Neja da Kwara, da arewacin Gana da Burkina Faso, man miya ne da suya. Kusan rabin ƙwayar kaɗanya mai ne, yana da bitamin E, kuma duk da yana daskarewa, sinadarin sitiyarik da ya yi yawa a cikinsa ba ya tara kitse a jini kamar sauran mayuka masu daskarewa. In warinsa ne ya dame ki, ki narka shi ki soya albasa a ciki tukuna. Su Turawa sun san darajarsa, tun shekarar 2000 Tarayyar Turai ta amince a sa shi cikin cakulan har kashi 5 cikin 100. A watan Agustan 2025 ma gwamnatin Nijeriya ta dakatar da fitar da ɗanyen kaɗe waje na wata 6 don a riƙa sarrafa shi a gida. Dama gida bai ƙoshi ba ai ba a kai wa dawa.

Amma fa uwargida a yi hattara, ba kowane mai ne na tukunya ba. Man guntsu, wato 'ya'yan kuka, ya fi dacewa da fata da gashi. Man darbejiya da na bini-da-zugu kuwa kada ki kuskura ki ɗura wa yaro da sunan magani, guba ne, suna iya kisa. Ko mai kyan ma ba a ce ki yi ambaliya da shi ba, cokali ɗaya zuwa biyu a kwanon yaro ya wadatar. Ki adana shi a rufe cikin inuwa, in ya fara ɗoyi ki zubar.

Abin da ya fi ba ni tausayi, da zan taho Iya ta nuna mini kututturan kaɗanya da aka sare aka yi gawayi. Itaciyar da sai ta shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, a ƙone ta a wuni ɗaya! Don Allah ki ja hankalin maigida da 'yan uwa na karkara. Mu kuma idan mun ga tsohuwa da tallan man kaɗe ko na aduwa a kasuwa mu saya, da tsohuwar zuma ake magani.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, Allah Ya bar mu da mazajenmu lafiya, Ya raya mana zuri'a, amin.