Boycott: sunan mutumin da gari ya juya wa baya

Duk mai sauraron labarai da Turanci ya saba jin kalmar boycott, wato ƙaurace wa mutum ko kaya da gangan don a tilasta masa ya sauya hali. Asalinta sunan wani mutum ne.

Kyaftin Charles Boycott tsohon sojan Ingila ne da ke karɓar wa wani mai gonaki, Lord Erne, kuɗin haya a gundumar Mayo ta ƙasar Ailan. A 1880 amfanin gona bai yi kyau ba, manoma 'yan haya suka roƙi a rage musu kashi 25 cikin ɗari. Aka ce kashi 10 kaɗai za a rage, aka kuma shiga raba wa wasu takardar tashi. A watan Satumba na shekarar, jagoran manoman, Charles Parnell, ya ba da shawarar kada a taɓa lafiyar kowa, amma duk wanda ya karɓi gonar da aka kori wani, a daina ko gaisawa da shi. Mutanen Mayo suka gwada wannan a kan Boycott. Leburorinsa suka watse, maƙeri ya ƙi yi masa aiki, mai wanki ta ɗauke ƙafa, masu kanti suka ƙi cinikinsa, yaron da ke kawo wasiƙa ma ya daina zuwa.

Da amfanin gonarsa ya kusa lalacewa, sai 'yan sa-kai 50 suka zo daga Cavan da Monaghan, sojoji da 'yan sanda wajen 1,000 suna gadinsu. An kashe kusan fam 10,000 wajen girbe abin da bai wuce na fam 500 ba. Kafin shekara ta ƙare ya bar Ailan, jaridu kuwa tuni sun mai da sunansa kalma.

Daga nan ma'anar ta faɗaɗa zuwa kaya, zaɓe da wasanni. Baƙaƙen fata a Montgomery ta Amurka sun yi kwana 381 ba su hau bas ɗin gari ba, daga 1955 zuwa 1956. Najeriya da ƙasashen Afirka da dama sun janye daga gasar Olamfik ta Montreal a 1976, domin an ƙi hana New Zealand shiga bayan 'yan wasan rugbinta sun je Afirka ta Kudu, lokacin mulkin wariyar launin fata.

Shi ya sa ban yarda a kira fushin mutum ɗaya a Facebook da wannan suna ba. Sai jama'a sun haɗa baki, sun jure asarar da ke ciki, kafin abin ya cancanci sunan.